Inna Sabuwa Mai Haƙar Burduddugi

Da ruwan fadamar Shinaka ya janye, laka ta soma tsagewa, za ka hangi Inna Sabuwa da dagi da ƙwarya. Ta taka nan, ta taka can, ta haƙa, ta zaro burduddugi, ƙaton kwaɗon nan da ke binne kansa ya jira damina. Na farko takan feɗe shi ta duba. In hanta ta cika, kitse ya yi rawaya a gefenta, to lokaci ya yi. Da wannan guzurin yake rayuwa cikin ƙasa har ruwa ya sauko.

Ladan da gari ya ba ta shi ne suna, Mai Kwaɗi, ana faɗa ana toshe hanci.

Shekarar da fara ta cinye gero, 'yan doka suka auna ragowar suka kai wa Bature, tun kaka ta je wurin Halliru mai unguwa. Ta ce, "Ranka shi daɗe, a hito a haƙa burduddugi yanzu. Abin ga kitsenai shika ci. In bazara ta yi, hwata za ku iske."

Ya ce, "Mi? Mu jikokin malammai mu ci kwaɗo? Allah shi kiyaye."

Bazara ta zo, rumbuna suka koma wayam. Masu girman kan suka sulale fadama suna waige-waige, suka haƙo fata da ƙashi, hanta ta tsuke kamar busasshiyar kuɓewa. Ita kaɗai, da ta haƙa tun kaka, ke da tulunan man kwaɗo da busasshen namansa. Ba ta yi wa kowa gori ba. Ta riƙa ɗiga man cikin kunun dusa tana bin yara da ludayi. Mairo matar Halliru har yau tana cewa, "Ba don ita ba, da ɗiyana na kushewa."

Yanzu gwiwa ta ƙi, dagi na jingine, ba mai son gadonsa. Wannan yana ƙona mini rai.

Inna, ke ce rumbun da fara ba ta gani ba. Na gode. Ni Mainasara ɗan Halliru na sha kununki, kuma a tsakiyar kasuwar Goronyo zan faɗa. Kakar bana ɗiyata Azumi za ta ɗauki daginki, sauran ma su turo nasu.

Mai toshe hanci kuwa ya ci gaba. Numfashin da ke cikin hancin, kitsen kwaɗo ne ya bar masa shi.