Ibadar Ticha Da Na Mayar Magani

A shekarun da Zamfara ke sabuwar jiha, ni matashi ne mai karanta labarai a rediyo, ina zuwa gida Ƙauran Namoda ƙarshen mako. Matsalata ɗaya ce: da an kunna jar fitila a ɗakin watsa labarai sai muryata ta kama rawa.

A unguwarmu akwai wani dattijo mutumin Siri Lanka, mabiyin addinin Buda, muna ce masa Ticha. Ya zo koyar da lissafi tun ina yaro, ya yi ritaya bai koma ba, da darasin da yake ba yaran unguwa a zaurensa yake ci. Kowace safiya yakan naɗe ƙafa ya zauna shiru, ido rufe. Natsuwarsa ta burge ni, na roƙe shi ya koya mini. Da farko ya ƙi. Ya ce wannan zama hanyar addininsu ce ta rabuwa da son zuciya, ni kuma ina da salla da zikiri, in riƙe su da kyau. Na nace har ya nuna mini yadda ake sa hankali a kan numfashi, bai ƙara komai ba.

Muryata ta daidaita. Sai na shiga tallar abin a majalisa, ina cewa maganin hawan jini ne da faɗuwar gaba, har na koya wa wani direban Shinkafi. Maganar ta zaga ta dawo da wata kama, daidai lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a: wai Ticha na koya wa yaran Musulmi bautar gunki.

Dattawan unguwa suka kira shi cikin mutunci, ni ne tafinta. Liman ya tambaye shi mene ne wannan zama. Ya amsa da Turanci cewa ibada ce. Ni kuwa, don in kare shi in kare kaina, na fassara da cewa motsa jiki ne irin na likita. Ticha ya ɗaga hannu, ya yi magana da Hausarsa ta baƙo.

"Malam, yaron nan tsoro ya ji. Ba magani ba ne, ibadata ce. Ban koya wa ɗan kowa ba sai shi, da ya matsa."

Liman ya ce ai Ticha ya faɗi gaskiya, ya ci gaba da zamansa, ba mai taɓa shi. Ba a kuwa taɓa shi ba. Iyaye ne dai suka janye yaransu ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya zama wayam. Kafin ruwa ya sauka ya haɗa kayansa ya bar garin. Kunya ta hana ni raka shi tasha.

Abin da ke cina har yau, bakina ne ya raba shi da abincinsa da garin da ya tsufa a ciki, don na ɗauki ibadarsa kamar ƙwayar kemis. Daga baya na lura haka nake yi wa tawa sallar, ba na daɗewa a sujada sai in ina neman ƙarin girma a ofis. 'Yan'uwa masu karatu, kada ku ari ibadar wani don gyaran harkarku, taku ma kada ku mayar da ita haka. Muryata ba ta sake rawa ba, ko ranar da na yi ƙarya a gaban Ticha ba ta yi ba.