Kwamfutar da Auta Ya Bari

Mai Rediyo bai taɓa mallakar ko sisin kuɗin intanet, irin waɗanda ba takarda ba tsaba, ba, amma shekara shida yana riƙe da kundin cinikinsu. A ƙarƙashin teburin shagonsa, tsakanin gwangwanin kusoshi da matattun lasifikoki, akwai tsohuwar kwamfutar da ɗansa Auta ya haɗa kafin ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Auta ya ce masa duk cinikin da aka yi da kuɗin nan, dubban kwamfutoci ke ajiye kwafinsa, kowace a hannun mai ita, shi ya sa ba wanda ya isa ya goge layi ɗaya. Tasu ɗaya ce daga ciki. Roƙonsa guda ne: kada a kashe ta.

Bai kashe ba. Ya haɗa mata batirin mota saboda ɗaukewar wuta. Kullum da safe yakan goge fankarta da tsohon buroshin haƙori, ya duba kusurwar allo inda take nuna kwamfutoci nawa ke magana da ita. Takwas, wani lokaci goma. In matarsa ta kawo abincin rana, takan tambaya ko abokan Auta sun tashi lafiya.

Sai rigima ta ɓarke tsakanin masu tsarin. Wasu suka ce layi ya yi tsawo, mutum sai ya wuni yana jiran cinikinsa ya shiga, a faɗaɗa shafukan kundin. Wasu suka ce in an faɗaɗa, ƙananan injina sun fita ke nan, kundi ya koma hannun manyan kamfanoni. Babbar 'yarsa, mai shagon magani, tana goyon bayan faɗaɗawa, don da kuɗin take ciniki, ita ke shan jiran. Ta ce za ta sayo masa sabuwa mai ƙarfi, ya yar da wannan gwangwanin.

"Baba, wannan fa ba kabarin Auta ba ne."

"Na sani. Amma hannunsa ne ya ɗaura wayoyin nan."

Masu faɗaɗawa suka yi rinjaye. Tsohuwar ta kasa ɗaukar sabon tsari, ta tsaya a kan na da. Takwas ta koma biyar, biyar ta koma biyu. Wata guda cur tana nuna ɗaya, wani can da bai san ko wane ne ba, har ya fara sa shi a addu'a. Ran wata Talata ya buɗe shago ya tarar da sifili.

Matarsa ta shigo da rana, ta buɗe baki za ta yi tambayar da ta saba, ta ga allon, ta ajiye kwano ta koma gida. Washegari ya ɗauki buroshi, ya durƙusa gwiwa na ƙara, ya goge fankar.