Kekena da Hanyar Kwazazzabo

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, daga wani ƙauye na Damargu, tafiyar yini guda a ƙasa daga Tanut. Kekena a Kano na samo shi, 'yan shekaru bayan babban yaƙin Turawa, lokacin da na bi ayari na je sayen ƙarfe. A bayan wata rumfa na gan shi jingine, ƙafar gaba ta lanƙwashe, sarƙa ta tsinke. Mai shi wani akawu ne da ya gaji da shi. Na ba shi takobin da na ƙera da hannuna, ya ba ni keken, ya haɗa mini da famfo da guntun robar faci.

A kan raƙumi ya iso gida. Matata ta zagaya shi sau biyu, ta riƙe haɓa.

"Maigida, takobin da ka yi wata biyu kana fama da shi, da wannan ƙwarangwal ka musanya shi?"

Na ce, "Bari ki ga ya tashi."

Na miƙe ƙafar a kan uwar maƙera, na ƙera wa sarƙar ƙananan ƙusoshi, na yanka fatar raƙumi na yi masa birki. Koyon hawa kuwa ni kaɗai na koya wa kaina a bayan rumbuna. Na faɗa cikin danga, na faɗa cikin ƙarangiya, sau ɗaya ma na shiga cikin awakin maƙwabcina. Da na iya, sai na gane abin da akawun bai gaya mini ba: keke ba ya shiri da rairayi, ƙasarmu kuwa rairayi ce. A duk yankin, wuri ɗaya ne mai taurin da zai ɗauke shi, hanyar mota.

Mu muka yi hanyar nan. Lokacin ɗari, shekara biyu a jere, da an gama kai gero rumbu, sai a kwashe mu, kowane gida mutum guda, a ce aikin Nasara ne, babu mai cewa a'a. Inda muka fi shan wuya shi ne kwazazzabo, wurin da tudu ya tsage ya sauka kwari tsakanin bangon jan dutse biyu. A ka muka ɗauki duwatsun, muka jera su, muka zuba marmara muka daɓe. A can farcen babban yatsana na hagu ya fita, har yau bai dawo daidai ba. Da aka gama, aka yi shela: kada jaki, ko raƙumi, ko saniya su taka hanyar, kowa ya bi gefe. Motar da aka yi wa hanyar, sai a yi wata ba a ji ƙararta ba.

Ranar wata kasuwar Gangara na naɗe ruwan fartanya da lauje a cikin fata, na ɗaure a bayan sirdi.

Matata ta ce, "Ka dai bi gefe kamar kowa."

"Gefe yashi ne."

"To ka tura shi."

"Ban kawo shi daga Kano don in tura ba."

Ta miƙo mini goran ruwa.

Da hantsi na isa bakin kwazazzabo. Na tattare rigata na ɗaure a ƙugu, na cusa hula a aljihu, na yi bisimilla na sake shi. Da farko a hankali ya tafi, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya. Daga kwana ta farko sai ya ƙwace. Iska ta cika mini riga, hawaye na fita ta gefen ido, kayan ƙarfen bayana suna kaɗawa, duwatsu na maido mini da ƙarar. Kurciyoyi suka tashi daga bangon. Ban taɓa tafiya da sauri irin wannan ba, ko a kan doki. Abin da ya fi ba ni mamaki, na san hanyar dutse bayan dutse. Ga inda muka yi kwana uku muna ture wani ƙaton dutse, ga inuwar aduwar da muke shan fura, ga inda wani dattijon garinmu ya faɗi da kaya a ka. Wurin da na yi wata da watanni ina rarrafe, na wuce shi kafin in gama jan numfashi goma. Tsoro na nan, amma dariya nake yi, ni kaɗai.

A ƙasan kwarin, ƙarƙashin wani gawo, akwai gardin bariki, wato dogarin Nasara, mai jar hula, dokinsa na ɗaure. Na san shi, shi ne ya tsaya a kanmu da bulala lokacin aikin. Ya miƙe zumbur.

"Kai! Sauka!"

Ba zan yi ƙarya in ce birki ne ya ƙi ba. Da na so tsayawa da na tsaya. Na kaɗa masa ƙararrawa na wuce.

A hawan ɗaya gefen ya cim mini, don a hawa doki ya fi keke. Bulalar ta sauka a kafaɗata, na sa ƙafa a ƙasa, amma ban saki kan keken ba.

Ya ce, "Kai maƙeri, ba ka ji doka ba?"

"Na ji. An ce jaki, an ce raƙumi, an ce saniya. Wanne ne wannan a cikinsu?"

"Hanyar Nasara ce!"

"Nuna mini dutse ɗaya da Nasara ya ɗauko. Ni ina iya nuna maka nawa."

Ya ƙara mini biyu. Ya ce in tura keken a gefe har bariki. Na ce a yashi ba ya turuwa, sai dai shi ya ɗauka. Haka muka tafi, ina tura shi a tsakiyar hanya, shi yana bin gefe a kan dokinsa, don dokar da yake tsaro ba ta bar shi ya lalata daɓen da kofato ba.

Washegari aka kai ni gaban kwamandan, Baturen da ke mulkin yankin. Bai dube ni sosai ba, keken ya duba. Ya tsuguna ya daɗe yana taɓa ƙusoshin da na ƙera, ya yi magana, tafinta ya juyo.

"Ya ce wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne."

"Ya ce me ya sa ba ka tsaya ba da aka ce ka tsaya?"

"Gaya masa ban ga laifin da na yi ba, shi ya sa."

Ban san yadda tafinta ya mai da maganar ba, na dai ga ya gajarta ta. Hukunci ya fito: ba a hana keke hanya ba, amma ƙin tsaya wa gardi laifi ne. Kwana goma ina fasa dutse, keke kuma ya zauna a bariki. Ba a faɗi ranar da za a maido mini da shi ba.

Na yi ta fasa dutse. Kafaɗar ta kumbura, amma ban roƙi kowa ba. A kwana na bakwai sai ga gardin nan yana jan keken, ƙafar gaba ta koma kamar faifan da aka taka, shi kuma goshinsa a ƙuje, yana ɗingishi. Ashe ya gwada hawa a bayan bariki, katanga ta tare shi. Kwamandan ya ce lalle a gyara.

Gardin ya ce, "Maƙeri, za ka iya?"

A karon farko muryarsa a ƙasa take. Na ce ina iyawa, in an kai ni inda wuta take. Ya kai ni maƙerar wani abokin sana'a a cikin gari. Aikin na yini guda ne, na ja shi kwana uku, ina miƙe wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya, shi yana zaune a bakin ƙofa yana jira. Ran na ukun da azahar na hura iska a taya, na ce sai an gwada.

"Gwada a nan."

"Nan yashi ne. A hanya ake gwada keke."

Ya biyo ni a ƙasa har bakin hanya. Na hau, na daidaita zama, na juyo na dube shi.

"Kwanana goma sun cika yau. In ana nemana, an san maƙerata."

Na taka. Ina jiran in ji ihu ko ƙarar kofato a bayana, ban ji komai ba. Ban waiwaya ba sai da na yi nisa. Yana nan tsaye inda na bar shi, hannuwansa a ƙugu.

Komawa gida sai an hau kwazazzabon da na gangaro, hawan kuwa ba wasa ba ne. Tun daga gawon nan na ƙudurta ba zan sauka in tura ba. Na miƙe tsaye a kan feda, ina jefa nauyina dama da hagu, cinyoyina na rawa, gumi na shiga inda bulala ta tsaga. Wasu mata da jakunansu suna bin gefe cikin yashi, suka tsaya suna kallo. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Sannu, ɗana!" Ban samu numfashin amsa mata ba. Da na kai sama na kwanta a gefen hanya har zuciyata ta lafa.

Kusa da gari ƙayar aduwa ta huda mini tayar baya, na shiga gida da keken a kafaɗa mai lafiyar. Matata ta ga bayana, ta ɗora ruwa a wuta, ta gasa mini, ta shafa man shanu. Sai da ta gama ta ce, "Za su zo."

Na ce, "Su zo."

Kwana shida muna sauraro. Ran na bakwai mai gari ya iso maƙerata da kansa, ya zauna a kan turmin da ke bakin ƙofa, ya ce saƙo ne daga bariki. Na ajiye guduma.

Ya ce, "Linzami shida suke so, da likkafa, na dawakin gardawa."

"Shi ke nan, ranka ya daɗe?"

"Shi ke nan abin da aka ce in faɗa."

Na ce a gaya musu na ji. Na ƙera musu, aiki mai kyau kuwa, amma sai da na gama fartanyun mutanen garinmu tukuna, don damina ta matso.