Iccen da Yaya Alhusseini Ya Bari a Rataye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Alhusseini, mai aikin katako a Agadez. Ban taɓa rubutu a kansa ba. Bana ma ba zan yi ba, da abin da ya faru a shagonsa bai hana ni sukuni ba.

Ƙofofi da gadaje ne suka ciyar da gidansa, amma da sandar biliyar aka san shi. Lokacin da zinariya ta buɗe a daji, taburan wasan suka cika gari. Masu haƙa daga Najeriya suna kiransa sanuka. Sandunan da ake kawowa a kwali ba sa jure bushewar garinmu. Sai mutum ya saya tana miƙe, kafin zafi ya wuce ta karkace. Yaya ya fara yin nasa. Gindin sandar da aduwa yake yi, wadda ake kawo masa daga Dabaga, saboda nauyinta. Dogon jikin kuma da farin icce mai zuwa daga Kwatano. Ba ya taɓa wannan iccen sai ya rataye shi da igiya a rufin shago ya ga zafi ɗaya da damina ɗaya. Wanda zai lanƙwashe, in ji shi, gara ya lanƙwashe a sama kafin ya shiga hannun mutum.

In ya sassaƙa, yakan mirgina sandar a kan tabur ya sa ido a bakinta. In bakin ya ɗaga ko kaɗan, ta faɗi. Yakan bi zanen iccen da yatsa daga gindi har baki, yana son ya tafi a miƙe babu ƙulli. Sai wadda ta tsallake duk wannan yake ƙona wa ƙaramar alamarsa a gindi. Mutane da yawa sun yi fushi da jinkirinsa. Bai taɓa ba su haƙuri ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, icce ɗaya ya rage a rufin. Ba wanda ya sauke shi.

Ɗansa Bubakar ya girma a shagon, kuma shi ke riƙe da shi yanzu. Hannunsa na da kyau, sai dai aikin ya ja baya, abokansa kuwa da yawa sun tafi daji haƙar zinariya. Tun bara yake zancen bin su. Mahaifiyarsa ta san rijiyoyin haƙar da ke ruftawa, ta san abin da ake gamuwa da shi a hanya. Ba ta hana shi da baki ba, ta dai daina cin abinci sosai.

Ana haka wani patron, attajiri mai rijiyoyin zinariya, ya zo. Ya ji labarin iccen da ya shekara bakwai a rataye, ya ce shi yake so, da alamar marigayi a gindi. Ya kuma ce in sandar ta yi masa, zai ba Bubakar aikin taburan gidajen wasan da yake buɗewa a gari. Mun fahimci abin da wannan ke nufi. In aikin ya samu, yaron zai zauna.

Bubakar ya sauke iccen. Na zauna ina kallo yana ragewa a hankali. Sandar ta fito kyakkyawa, ta mirgina a tabur shiru. Sai da ya kai kusa da baki, inda ta fi siriri, wata 'yar tsaga ta bayyana a cikin zanen, kamar gashi. Shekara bakwai tana ciki ba wanda ya sani, har da wanda ya rataye iccen.

Ya daɗe yana dubanta. Ya ce da garin katako da kol, wato gam, za a iya cikewa, in man verni mai ƙyalli ya hau ba mai gani. Za ta iya yin shekara tana bugu. Za ta iya kuma tsagewa ranar da aka buga da ƙarfi a gaban jama'a.

"Baba," ya ce mini, "in da shi ne, me zai yi?"

Na san amsar. Na kuma san fuskar mahaifiyarsa. Na ce masa ubansa ba ya nan, shagon nasa ne yanzu.

Ranar da patron ya dawo tare da mutanensa, Bubakar ya miƙa masa sandar ba verni, ya sa masa yatsa a kan tsagar. Mutumin ya ce shi bai ga komai ba, a shafa mai a sa alama kawai. Bubakar ya ce zai ba shi ita haka in yana so, amma alamar ba za ta hau ba. Ɗaya daga cikin mutanen ya yi dariya ya ce taurin kan ma ashe gado ne. Patron ya ajiye sandar a kan tabur, ba da ƙarfi ba, ya fita. Aikin taburan wani aka ba.

Tun ranar nake tambayar kaina yadda Yaya zai ga wannan. Ina jin zai ji daɗi, ko da ba zai faɗa ba. Amma shi a zamaninsa in ya kori mai saye, wani na tsaye a ƙofa. Ban tabbata ya taɓa biyan abin da ɗansa ya biya ba. Ban kuma san me zai ce wa matarsa ba, wadda da ta ji labarin ta ce Allah ya yi wa yaron albarka, sannan ta shiga ɗaki ta rufe.

Abin da ya rage na Yaya ba shi da yawa. Akwai sandunansa a hannun mutane, har yau a miƙe. Akwai ɗa wanda ya ƙi sa sunan ubansa a kan abin da bai yarda da shi ba, alhali ya san abin da zai rasa. Allah ya jiƙan Alhusseini, ya sa ya huta.

Motar abokan Bubakar ta tashi makon jiya ba da shi ba. Wata za ta tashi bayan salla. Bidon ɗin ruwan da ya naɗe da buhu don tafiyar, wato jarkarsa, yana ƙofar shago, bai kwance shi ba. A ciki yake sha in yana aiki, mu kuma ba mu tambaye shi ba.