Kan Kifin da Kukun Fim Ya Zubar

"Tsai da shi! Mi wanga yay yi da kan kifin?"

Inna ce, mahaifiyata, a gidanmu na Argungu, farkon samun jihar Kebbi. Tun rasuwar Baba ta daina cin abinci. Da na rasa dabara, sai na aro bidiyo daga Birnin Kebbi da fim ɗin wani kuku Bature, ko ganin girki zai tayar mata da kwaɗayi.

Sau uku na mayar da kaset baya. Tabbas, kukun ya jefa kan a shara.

"Ƙila can ba su cin kai, Inna."

"Tashi ka sawo min giwan ruwa in gwada ma wawan ga."

"Ai ba ya ganinki."

"Kai dai kana ganina."

Da na sawo kifin, ta hura wuta da kanta, ta yi romon kai, ta shanye kwano biyu tana zaginsa.

Jiya na ga abin da na rubuta a littafina ranar: "Inna ta ci abinci. Fim ne ko haushi?"

Har yau ban sani ba. Ku me kuka gani?