Gishiri a Zoɓon Biki

A bakin titin unguwar Madain Fahd, Ikilima tana jiran tasi, tana kallon wata dattijuwa da ke zaune kan babbar kula. Yatsun matar sun rine jawur. Da gani, haɗa zoɓon biki da abarba da na'ana'a ne ke ciyar da gidanta. Dattijuwar ta tsiyaya zoɓon kaɗan a murfi, ta kurɓa, sannan ta miƙo wa Ikilima.

"'Yata, ɗanɗana min. Harshena ya daina jin komai tun azumi, ban gaya wa kowa ba. Gidan amarya na jirana a unguwar Safa."

Ikilima ta kurɓa. Gishiri matar ta zuba, ba sukari ba.

Dattijuwar ta kafe bakin Ikilima da ido.

"Yalla, maza, 'yata, faɗa min. Ya yi?"