Na Kwanta Inda Malam Shiru Yake Kwanciya

Assalamu alaikum. Masu tambayar ko na yi aure ne na ɓace, ku kwantar da hankalinku, ba aure ba ne. Jinya na yi, kuma sai yau na iya riƙe waya da hannuna in ba ku labari.

Ina aji biyu a karatun likita, shekarar da ake koyon ginin jikin mutum a kan gawa. Tamu gawar wani dattijo ce da ba a san danginsa ba, muka sa masa suna Malam Shiru. Ni uwar rawar kai, kullum wuƙa tana hannuna. Daga tafin ƙafa muka fara, muka hau ƙwauri, gwiwa, cinya. Kafin hutu muka buɗe ƙirji, malaminmu ya ɗora mini wata farar jijiya a yatsa, siririya kamar zaren ɗinki, ya ce, "Wannan ce ke jawo muku numfashi. Ranar da ta tsaya, an gama."

Na dawo gida Daura hutu, na yi zawo na kwana biyu, ya wuce, na manta.

Sai tafin ƙafata ya fara yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Wata rana a tsakar gida silifas ya fice mini, na yi ta tafiya ban sani ba.

Na kira ƙawata Nafisa, 'yar ajinmu. Ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ke dai! Ciwon 'yan aji biyu ne, duk cutar da muka karanta sai mun ji ta a jikinmu." Na yarda, don ni ma na sha yi wa wasu wannan tsiyar.

Abin ya hau ƙwauri. Ya hau gwiwa. Na yi sujada a sallar la'asar, na kasa tashi.

Innata ta ɗaga ni, ta daɗe tana kallon ƙafafun, sannan ta ce a hankali, "Rabi, mutumin nan da kuke yankawa, kun nemi izininsa kuwa?"

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Don na riga na lura, ban dai faɗa wa kowa ba: yadda na bi jikinsa da wuƙa, haka ciwon ke bin nawa, gaɓa bayan gaɓa. Kuma na san inda muka tsaya.

Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, Inna ta yi sadakar waina. Ni kuwa ko tuwo aka kawo, warin maganin adana gawa nake ji a ciki. Da rana tsaka ina kwance a tabarma sai in ga ƙafafuna a miƙe, sun yi fari fat, kamar ba nawa ba.

Ranar da abin ya kai cinya, na ce wa Yaya Sani ya zaunar da ni a bakin gado, ya bugi ƙasan gwiwata da gefen ludayi. An koya mana cewa ƙafa kan yi tsalle da kanta, ko mutum ya so ko bai so ba, kuma tsoro ba ya hana ta. Ya buga, shiru. Ya sake, shiru.

Na ce, "Yaya, jijiyoyina ne ke mutuwa. In ya iso ƙirji numfashina zai tsaya. Ka nemo mota."

Inna ta ce a bari a gama shan rubutun. Na kama hannunta na ɗora a ƙirjina, na ce, "Inna, nan ya nufa." Ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Daga asibitin garinmu aka tura mu babban asibiti. Aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayana, aka gwada jijiyoyi da lantarki. Likita ya ce sunan cutar GBS: garkuwar jikina ce ta tashi yaƙar ƙwayar zawon nan, ta ɓata hanya ta afka wa jijiyoyina. Kowace safiya nas takan sa in ja numfashi ɗaya in yi ta ƙirga, kullum ƙirgar tana gajarta. Maganin kuwa sai da Baba ya rabu da shanun huɗarsa.

Ciwon ya iso ƙirjin. Aka sa mini injin numfashi.

Ina ji, ina gani, ko yatsa ba na iya motsawa. Wata safiya ɗaliban likita suka kewaye gadona da fararen rigunansu. Ɗaya ya yaye zanen, ya ɗaga ƙafata, ya sake ta ta faɗi, suna ta bayani a kaina, ba wanda ya dubi fuskata. Na san wannan tsayuwar sarai, na sha yin ta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai wata daga baya ta matso, ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Zan taɓa ƙafarki, kin yarda?" Na ƙifta ido, hawaye ya gangaro cikin kunnena.

Sauƙi ya zo daga sama zuwa ƙasa. Numfashi ya fara dawowa, sai hannu, sai cinya. Babban yatsan ƙafata har yau yana mini gardama, amma ina takawa, alhamdulillahi.

Na gode wa Allah, na gode wa iyayena da Yaya Sani, da nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni, da Nafisa da ta zo tana kuka tana neman yafiya.

Jama'a, in ƙafa ta fara mutuwa, abin yana hawa sama, ku yi addu'a kuna cikin mota zuwa asibiti. 'Yan ajinmu kuma, ku daina raina darasin jijiyoyi, kuma ku daina yi wa mai ƙorafi dariya.

Zan koma makaranta bayan Sallah. Inna ta ce in tambayo mata sunan Malam Shiru na gaskiya, tana so ta riƙa sa shi a addu'a. Na ce ba wanda ya sani.

Ta ce, "To, in kin shiga ki yi masa sallama. Allah Mai shi ya san sunansa."